Ranar da 'Yan Dako Suka Wanke Jininsu

Abinci nake sayarwa a Jibiya, a bakin inda manyan motoci ke lodin hatsi kafin su haye Maraɗi. Rumfata ta kwano ce, da bencina da tukwanena. Da safe shinkafa da wake, da rana tuwon masara. Masu cin abincina 'yan dako ne, yawancinsu mutanen ƙetare kamar ni, daga ƙauyukan Maraɗi suka zo. Inna suke ce mini. Ba na sakar musu fuska da yawa. Wanda ya zo da hannu duk ƙurar buhu, na kore shi ya je ya wanko. Wanda ya tsaya mini a kan tukunya yana surutu, na ɗaga masa ludayi. Duk da haka ba sa zuwa wata rumfar.

Na haifi shida, ɗaya ta rage. Mijina ma ya rasu. Sai na faɗi yadda ya rasu, in ba haka ba ba za a gane abin da ya same ni a asibiti ba.

Yaron mota ne shi. Wata shekara motarsu ta faɗi da lodin dawa, ƙarfe ya yanke shi a cinya. Wuri mafi kusa ɗakin wani mai sayar da magani ne, irin waɗanda ke yi wa mutane allura da ɗinki a bayan shago. Nan aka kai shi. Mutumin ya ɗinke ciwon, ya ce jini ya ƙare a jikinsa. Ya aika tasha aka kirawo wani da ya saba sayar da jininsa, aka ɗiba aka sa wa mijina. Ba wanda ya auna ko da cuta a ciki. Ni ma ban san ana aunawa ba. Durƙusawa na yi na yi godiya.

Ya tashi, ya koma bakin mota. Muka yi shekaru masu kyau. A cikinsu ya gina mana ɗaki, ya ga ɗiyarmu ta fara tallar gyaɗa. Daga baya idonsa ya koma rawaya, fitsarinsa ya yi ja. Muka ce shawara ce, muka jiƙa saiwoyi. Ciki ya soma kumbura, ƙafafu suka bi, sauran jikin ya bushe. Da muka kai shi Katsina likita ya ce hanta ce ta lalace. Ya tambaya ko an taɓa yi masa ƙarin jini, na ce an taɓa. Ya ce ba zai rantse ba, amma nan ya fi zargi. Ya sa aka auna ni, aka ce ni ma ina da cutar hantar, tana kwance ba ta tashi ba. Aka auna yarinyar, ba ta da ita, aka yi mata rigakafi. Na tambayi likitan ko ana ɗauka a abinci. Ya ce a'a, in ci gaba da sana'ata, in riƙa zuwa ana duba ni, amma kada in taɓa ba kowa jinina.

Mijina ya mutu da damina, a zaune, don cikin bai barinsa ya kwanta. Ban faɗa wa kowa a tasha abin da aka gani a jikina ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Ɗiyata ta girma, ta yi aure a Daddara. Mijinta manomi ne, mai shiru, mai kunya. Da ta sami ciki muka shirya za ta dawo wurina ta haihu, kamar yadda ake yi a cikin fari. Haihuwar ta riga mu. Ta haifi mace lafiya a ɗakinta, amma mabiyiya ta ƙi fitowa duka, jini ya ɓalle. Suka sako ta a mota zuwa asibiti a Jibiya. Ina cikin tuƙa tuwon rana wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya faɗa mini. Na hau bayansa da zanen aiki a jikina.

Kafin in isa sun cire abin da ya rage, jinin ya tsaya. Ledar jini ɗaya ce irin nata a firjinsu, sun sa mata. Likitar mace ce, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce abin da ya rage a jikin yarinyar kaɗan ne, wannan ledar za ta riƙe ta zuwa gobe, amma goben sai an ƙara. Ta ce in nemo mutane, da safe.

"Ke fa, Mama?" in ji ta.

Na ce, "Ni an hana ni." Na faɗa mata dalili. Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba.

An auna mijin, jininsa bai zo ɗaya da nata ba. 'Yan'uwansa maza sun tafi cin rani. Waɗanda suka rage a gida tsofaffi ne da masu goyo.

Na shiga wurin ɗiyata. 'Yar fari ce, ban saba zama kusa da ita a gaban mutane ba, ko sunanta ba na kira. Ranar na zauna a bakin gadon. Na buɗe tafin hannunta, fari fat. Leɓɓanta ma haka. Jaririyar tana gefe a naɗe cikin zane. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, kin bar rumfa?" Na ce ta rufe mini baki ta yi barci.

Kafin magariba na koma tasha don in kwashe kayana. Na tarar 'yan dako sun ƙarasa tuƙa tuwon da kansu, duk gudaji, ƙasan ya kama. Sun cinye, sun wanke tukunyar da yashi, sun kife. Suna zaune a bencin suna jirana. Babbansu tsoho ne mai furfura, ya san mijina, shi ke raba musu aiki idan kamyo, wato babbar mota, ta tsaya.

Ya ce, "Inna, ya mai jiki?"

Na ce, "Jini ake so."

"Na mutum nawa?"

"Ko ɗaya, ko biyu."

Ya dubi sauran. Ya ce, "Mu duka muna zuwa."

Na ce, "Ku ji da kyau. Sai an auna mutum kafin a ɗiba. Wanda bai son a ga abin da ke jikinshi ya yi zamanshi, ba zan riƙe shi a rai ba."

Wani siriri mai baki, wanda kullum sai ya ce miyata ta yi gishiri, ya ce, "Haba Inna, jinin nan ai naki ne. Tuwonki ne ya zama shi. Ajiya kika ba mu."

Na ce, "Kai naka rabinshi shayi ne." Suka yi dariya. Ni ban yi ba, amma na ji ƙirjina ya ɗan sake.

Na ce su zo washegari da sassafe. Rana ta fito ba su zo ba. Na tsaya a bakin ƙofar asibitin ina duban hanya. Nas ta leƙo ta tambaye ni ina mutanena, na ce suna tafe. Ta sake leƙowa. Sai da hantsi ya yi na hango su a kan babura, su bakwai ko takwas, kowa da wankakkiyar riga kamar ranar Juma'a. Da suka sauka na ga suna tafiya a sandare, ba mai son rigarsa ta taɓa bayansa.

Na ce, "Wannan ce safiyar?"

Tsohon ya yi murmushi. Ya ce, "Yi haƙuri Inna, gyara munka tsaya yi. Ba mu ba ɗiyarki jinin dako haka nan da dauɗarshi."

Ban gane ba. Sai ya juya ya ɗaga rigarsa. Bayansa duk shatin ƙaho, zagaye-zagaye, da ƙananan tsaga a cikin kowanne, wasu har lokacin suna tsattsafo da jini.

Al'adarsu ce. Mai ɗaukar buhu a ka da wuya, sun ce mataccen jini na taruwa masa a baya da ƙeya. In an gama lodi mai nauyi sukan je wurin wanzami ya kafa musu ƙaho, ya zuƙa, ya tsattsaga wurin da aska, ya mayar da ƙahon ya jawo baƙin jini gudaji-gudaji ya zubar a rairayi. Sai mutum ya tashi ya ce ya ji sakayau. To a daren suka yi shawara. Suka ce mai jego ba ta da ƙarfin ɗaukar jini mai gajiya. Ana sallame asuba suka buga wa wanzami ƙofa, suka jeru a tabarma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sun bar kamyo biyu a tsaye ba lodi saboda wannan.

Ni ma na ji daɗi. Ban ga aibu ba. Na ce Allah ya yi musu albarka, na shige gaba zuwa ɗakin awo.

Mai awon jinin mutum ne matsakaici, mai sanyin magana, da farar riga. Ya ce su shigo ɗaya-ɗaya, suka shigo gaba ɗaya. Ya haƙura. Ya fara da tsohon, ya ce masa shekarunsa sun ɗan ja amma bari ya tambaye shi. Ka ci abinci? Ka yi zazzaɓi kwanan nan? Idonka ya taɓa yin rawaya? An taɓa yi maka ƙarin jini? An yi maka tsaga ko ƙaho a 'yan watannin nan?

Tsohon ya gyara zama. "Yau ma kuwa. Mu duka."

Mai awon ya ɗago kai. Ya sa suka ɗaga riguna. Ya bi su da kallo har na ƙarshe, ya koma ya zauna.

Ya ce, "Baba, da aska nawa aka yi muku?"

"Aska nawa kuma? Tashi guda, wadda ubanshi ya bar mashi."

"Ya dafa ta tsakanin mutum da mutum?"

"Nama ce? Ya dai goge ga tsumma."

Mai awon ya shafa fuskarsa. Ya ce, "Ba zan iya ɗibar jinin ko ɗayanku ba."

Ɗakin ya cika da hayaniya. Siririn ya ce ai saboda su mutanen Nijar ne. Wani ya ce an raina su don ba su yi boko ba. Tsohon ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce, "Malam, ba awo ne aikinka ba? To auna. In ka ga cuta ka kore mu."

Ya ce, "Baba, zan iya aunawa. Ina neman ciwon hanta iri biyu, da ƙanjamau, da tunjere. Wanda ya daɗe da ɗaya daga ciki zan gani. Amma abin da ya shiga jikin mutum yau da safe, awona ba ya ganinsa yau. Sai ya yi makonni, wani lokaci watanni. In ɗayanku yana da ita, askar nan ta ɗauka daga bayansa ta kai bayan na kusa da shi. Sai in auna in ga babu, in sa wa yarinya, alhali akwai."

"Wa ke da ita cikinmu?" in ji tsohon. Ya bugi ƙirjinsa. "Dube mu. Wane mai cuta ke ɗaukar buhun masara ya hau katako da shi?"

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Ni ma ku dube ni."

Suka juyo.

Na ce, "Ni ina da ita. Tun kafin mijina ya mutu. Shekara da shekaru kuna ganina ina sauke tukunya ni kaɗai, kun ga alama? Me ya sa kuke tsammani ban ba ta nawa ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai, don shi ya ga yadda cikin mijina ya kumbura da idonsa. Can sai siririn ya ce a hankali, "To Inna, tuwon fa?"

Na ce, "Ba a ɗauka a tuwo, sakarai."

Muka fito waje. Suka zube a gindin bango, ba mai iya jingina. Ina tsaye sai ga surukina. Tun da ya auri ɗiyata ba mu taɓa haɗa ido ba, in ya zo gaishe ni daga zaure yake durƙusawa. Ya tsuguna nesa da ni, yana zane ƙasa da tsinke. Ya ce wani mutum ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce akwai wani a cikin gari da ke ɗibar jini ya sa wa maras lafiya ba tare da tambaye-tambayen nan ba. In mun yarda a fitar da ita a kai ta can, ga mutane a shirye.

Na ce, "Na san irin ɗakin. Ba ta zuwa."

Ya ce, "Inna, numfashinta ya canza."

Na shiga na duba. Gaskiya ya faɗa. Numfashi sama-sama, da sauri, kamar wadda ta yi gudu. Jaririyar tana kuka, ta ɗaga hannu za ta jawo ta, hannun ya koma ya faɗi a kan katifa. Na kira ta, ta dube ni, amma kamar daga nesa.

Na koma ɗakin awo na rufe ƙofa a bayana.

Na ce, "Malam, auna su. Wanda ka ga babu, ɗibi nashi."

Ya ce, "Inna, kin ji abin da na faɗa."

Na ce, "Na ji. Na fi ka sanin cutar nan, ni na wanke mai ita. Amma jinin da ya kashe mijina sai da ya ba shi shekaru tukuna. Ya gina ɗaki, ya ga 'yarshi ta yi wayo. In cuta ce ta kashe ta nan gaba, ba yau ba. Ta shayar da 'yarta tukuna."

Bai yi mini faɗa ba. Ya jawo kujera ya ce in zauna, na ƙi. Ya ce, "Da a ce babu kowa a garin nan sai su, da yanzu ina wurin likita muna shawara. Ba mu kai nan ba. Na aika a tambaya mana a Katsina, amma hanya ce, sai an jira. Ki ba ni mutum ɗaya da aska ba ta taɓa ba. Ɗaya kawai. Wa ya rage?"

Na fita na tambayi tsohon. Ya ce sauran 'yan tasha sun bi mota Maraɗi tun safe, sai yamma. Ya ce, "Mu ke nan." Siririn ya yi tsaki ya nuna da baki. "Sai fa wancan matsoracin."

A inuwar bedi, wurin da suka ajiye babura, akwai wanda ya zauna gadinsu. Shi ne ya fi kowa girma a tashar. Buhun da mutum biyu ke ɗora wa wani, shi kaɗai yake cira ya aza a kafaɗa. Amma ba ya iya ganin jini. Ko kaza za a yanka sai ya zagaya bayan mota. Bai taɓa yarda wanzami ya taɓa shi ba, askinsa ma na inji yake yi. Saboda haka kullum cikin tsokanarsa suke, suna ce masa amarya. Da safen nan da suka jeru a tabarmar wanzami, shi ya riƙe musu riguna yana kallon bango. Ban ma sa shi a lissafi ba da na ga sun iso.

Na je na tsaya a kansa. Ya miƙe, ya cire hula.

Na ce, "Ka ji abin da ya faru?"

"Na ji, Inna."

"Kai ka rage."

Ya dubi ƙofar asibitin, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Inna, wallahi ba rowa ba ce."

"Na sani."

"Faɗuwa nike yi. Ko yatsana ya yanke sai in ga duhu."

Na ce, "A kwance za a ɗiba. Ina za ka faɗa?"

Ni ban iya lallashi ba. Na tsaya dai. Can ya ce, "Za ki tsaya wurin?"

Na ce, "Ina zan je?"

Ya mayar da hularsa ya biyo ni. Da muka zo wucewa ta gaban sauran, siririn ya buɗe baki, tsohon ya make masa ƙeya, a kan shatin ƙahon kuwa. Ya yi ƙara ya yi shiru.

Mai awon ya yi masa tambayoyin nan duka. Ya amsa yana kallon rufi. Da aka zo kan maganar ƙaho ya ce, "Allah ya kiyaye." Aka ɗibi kaɗan don awo. Ya rintse ido yana salati da ƙarfi har nas ta leƙo. Sai aka ce mu jira a benci.

Muna zaune ya ce, "Inna, in an ga wani abu fa?"

Na ce, "Sai ka sani, kamar yadda na sani. Ba ga ni ba?"

"Aure zan yi bayan kaka."

"To gara ka sani kafin kaka."

Jiran ya yi mini tsawo. Ina jin kukan jaririyar daga ɗakin masu jego, na san muryarta tun lokacin. Surukina yana tsaye a bakin tagar ɗakin, bai shiga ba, bai tafi ba.

Mai awon ya kira shi shi kaɗai. Shi kuwa ya ce ai a bar Inna ta shigo, ba abin da zai ɓoye mata. Aka ce ba a ga komai ba, kuma jininsa irin wanda ya dace da nata ne. An haɗa su a 'yar kwalba sun zauna lafiya. Ya sauke ajiyar zuciya kamar ya sauke buhu. Sai ya tuna abin da ya rage, fuskarsa ta sake canzawa.

Gadon ya yi masa kaɗan, ƙafafunsa suna waje. Na cire hularsa na kife masa a fuska. Na zauna ta ɗaya gefen na kama hannun da ba a ɗaure ba. Tafinsa kamar fatar takalmi, amma sanyi ƙalau, duk gumi. Da allurar ta shiga ya matse mini yatsu har suka yi ƙara.

Na ce, "Wacce za ka aura, 'yar ina ce?"

Daga ƙarƙashin hula ya ce, "Garinmu. Kusa da Madarunfa."

"Ta iya tuwo?"

"Ta iya. Amma fura ta fi iyawa."

"To ka mutu da yunwa. Uwarka na nan da rai?"

"Tana nan. Inna, yana zuba?"

"Ba ruwanka. Awaki nawa gare ta?"

Haka na yi ta jansa. Ya ba ni labarin awakin uwarsa, da wata mai ƙafa uku da ta fi sauran haihuwa, da rijiyar garinsu da ke ƙafewa. Ni kuwa idona yana kan ledar tana cika a hankali. Sauran sun taru a taga. Ba wanda ya yi tsokana. Tsohon ya ɗaga hannuwa yana addu'a ƙasa-ƙasa, suna amsawa.

Da aka gama aka cire allurar, aka manna masa auduga. Ya cire hular ya ce, "An fara?" Mai awon ya ce an gama. Ya yunƙura zai zauna, idonsa ya faɗa kan ledar a hannun nas, ya koma ya kwanta shiru. Sai da aka ɗaga masa ƙafafu aka yi masa fifita. Da ya farfaɗo aka ba shi lemo mai zaƙi. Ya ce kada a faɗa wa su siriri. Na ce suna taga, sun gani.

Aka rataye ledar a kan ɗiyata kafin azahar. Na zauna ina kallon ɗigon yana sauka yana bin siririn tiyo zuwa hannunta. Nas tana zuwa tana taɓa goshinta, tana duba ko jikin zai ƙi. Bai ƙi ba. Wajen la'asar numfashin ya lafa. Na buɗe tafin hannunta, ya fara ɗan ja. Ta ce ƙishirwa take ji. Bayan ta sha ta ce a miƙo mata yarinyar, ta riƙe ta da hannunta, ta sa ta a nono. Da yamma ledar da aka tambaya a Katsina ta iso, aka ƙara mata washegari.

Da na fito, tsohon yana nan bai tafi ba. Ya taso da ƙyar. Ya ce, "Inna, gyara munka so yi."

Na ce, "Na sani. Ni ma albarka na sa muku."

Ya ce, "Da mun kashe ta."

Na ce, "Ba ku kashe ta ba. Je ka wanke bayanka da ruwan zafi, ƙuda na bin ka."

Mai awon ya ce musu su dawo bayan wasu watanni a auna su, ko ba don kowa ba don kansu da matansu. Na ɗauka ba za su je ba. Tsohon ya tasa su gaba suka je. An sami biyu da ciwon hanta, shi yana ciki. Ko a safiyar nan suka ɗauka, ko sun daɗe da shi, ba wanda ya sani. Yanzu tare muke zuwa ana duba mu. Ƙaho ba su daina ba, amma kowa da sabuwar rezarsa yake zuwa, a gabansa ake ɓare ta, kuma sai an dafa ƙahon. Wanzamin ya yi fushi, ya ce an wulaƙanta askar ubansa. Daga baya ya saba.

Ɗiyata ta yi jegonta a wurina. Na yi mata ruwan wanka, na dama mata kunun kanwa, ta yi arba'in ta koma Daddara. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Mijina ma ai ya tashi ya yi tafiya. Duk zuwan da za ta yi sai na jawo ta bakin ƙofa inda haske yake, na ce wani abu ya faɗa mata a ido, na buɗe na duba farin. Har ta gane, ta daina tambaya, in ta shigo sai ta ajiye kayanta ta zo ta tsaya da kanta.

Da watanni suka cika na ce ta zo mu je a auna ta. Ta ce lafiyarta ƙalau. Na ce ban tambaye ta ba. Muka je. Mai awon ya gane mu, ya yi wa jaririyar wasa, ya ɗibi jinin uwar. Muka zauna a bencin nan. Da ya fito ya ce babu komai, ko ɗaya daga cikin abin da yake nema.

Ta gyara goyonta ta ce, "To Inna, kin ji. Tashi mu tafi, rana na yi."

Na yunƙura, na kasa. Ta ce, "Lafiya?" Na ce ƙafata ce ta yi tsami. Ta dube ni. Ta dawo ta zauna kusa da ni, ta kwance goyon ta ɗora mini yarinyar a cinya, muka jira ƙafar ta sake.